Lamba Arba'in da Bakwai

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da kowa na gida. Yaya gwiwar? Kar ka ce mini da sauƙi, na san halinka, tsohon mai harhaɗa magani da ba ya shan nasa.

Ni jikina ƙalau, hankalina ne ya ƙi kwanciya. Ka tuna Lamba Arba'in da Bakwai, sinadarin da na haɗa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, mai kashe ƙwayar cutar barci a farantin gwaji? Takardar da na buga a kansa masana sun ambace ta sau ɗari shida da ɗoriya. Ita ta fito da sunana, kuma da ita kwamiti zai duba ba ni kujerar farfesa ran Alhamis ta sama.

To, wasu masu bincike a ƙetare sun nemi in aika musu sabon haɗi, za su gwada a jikin ɓeraye. Na haɗa, na tace shi sau uku a sabuwar na'urarmu, ya fito fari tas. Na zuba wa ƙwayoyin cutar. Baba, ko gezau, iyo suke ta yi abinsu. Na canza faranti, na canza ruwan haɗi, har mai kula da na'ura ya sha faɗan da ba shi da laifi a ciki. Kwana uku ke nan ina kai-komo tsakanin teburin aiki da firji, na kasa zama.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

'Yarka, Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata ka je asibitin kamar yadda ka yi alkawari.

Na tono tsohuwar kwalbar a can ƙuryar firji, da rubutun hannuna na ƙuruciya a jikinta. Garin da ke ciki ba fari ba ne, yana da ɗan kore-kore. Na gwada, ya kashe ƙwayoyin kaf. Sai na kai shi awo. Ashe tagulla ce. Akwai garin tagulla da muke sawa don haɗi ya kama, daga baya a wanke shi, ni kuwa a lokacin ina ɗokin sakamako, wanki ɗaya na yi. Tagullar da ta rage a ciki ita ce ke kisan, kuma ba ta bambanta ƙwayar cuta da naman mutum. Sinadarina mai tsabta ba ya yin komai. Dattin na yi shekara goma sha ɗaya ina tinƙaho da shi.

Na gaya wa shugaban sashenmu. Ya rufe ƙofa, ya ce in kama bakina har Alhamis ta wuce, wai kwana shida ba za su kashe kowa ba. Haushinsa ya kama ni, don kuwa abin da zuciyata ke so ya faɗa. Na rubuta wa editan mujallar cewa a janye takardar, ban aika ba. In buɗe, in gyara waƙafi, in rufe. Ina son kujerar nan, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Kuma ina jin kunyar son.

'Yarka, Auta

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Na aika wasiƙar ran Laraba da hantsi, ga edita, ga mutanen ƙetare, ga kwamiti. Na ga ba zan iya zama gaban dattawa bakwai suna yaba abin da na san ba haka yake ba. Sun ajiye takarduna a gefe, ba su sa rana ba. Shugaban sashe yanzu daga nesa yake ɗaga mini hannu. Mutanen ƙetare sun amsa da layi biyu, sun ce shekara biyu suka kashe a kan sinadarin. Na karanta ya fi sau goma.

Duk wannan zan iya ɗauka. Amma jiya Inna ta gaya mini a waya cewa tun watan jiya kake kirana Farfesa a gaban abokanka, har da masu zuwa sayen magani.

Ka yi haƙuri, Baba. Sai an gaya musu, kuma gara su ji daga gida. In bakinka ba zai iya ba, kar ka tilasta wa kanka. Ina nan tafe ran Asabar, ka tara su, in zauna kusa da kai in faɗa da kaina.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka, Auta