Ina Hura Wuta a Kasuwar da Babu Mai Saye

Assalamu alaikum Hajiya Kubra. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, fargaba ta hana ni sakat.

Ni mai waina ce a wata kasuwar tumatir tsakanin Kura da Bunkure, sunanta dai na bar shi. Rumfar ta Innata ce, Allah ya jiƙanta, har yau a kan duwatsun murhunta nake ɗora tanda. Da, in rani ya yi, manyan motoci layi suke yi, direbobi da 'yan dako har in rasa wanda zan fara zuba wa. Sai aka ɗora wani Baballe shugaban kasuwa. Wallahi mutumin nan ko akuya aka ba shi kiwo sai ta rame! Filin da motoci ke juyawa ya yanka wa mutanensa suka gina shaguna. Kwata ta toshe da ruɓaɓɓen tumatir, muka yi ta ƙorafi, ya ce za a duba. Har yau dubawar ake yi. Mota ta shigo ta kafe a caɓi, direba ya wuni yana zage-zage, daga ranar ba ya dawowa. Yanzu masu saye bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, suke bin manoma, a loda kwanduna a gona a wuce. Mu an bar mu da ƙuda da wari.

Maƙwabciyata Zuliha mai ƙosai ta koma can, kullum tana aiko mini in taho. Ga abin da ya ɗaure ni. A kasuwarmu, tun zamanin iyaye, hayaƙi ne shaidar rumfar mai abinci. In aka ɗauki lokaci ba a ga hayaƙi a rumfarki ba, kin sake ta ke nan, sai a ba wani. Na kuwa san Baballe ido ya zuba mini. Shi ya sa kullum nake zuwa in hura wuta, in soya 'yar kaɗan, in zauna ina kallon hanya, da yamma in kai wa yara su ci da sanyinta. Itace na ƙonewa, shinkafar ƙullu na ƙarewa, yaran kuma marayu ne, ni kaɗai gare su. Ina tsoron in tashi a ce ni na kashe wutar Inna, wata rana in ga an watsa duwatsunta a kwata. Ina tsoron in zauna yunwa ta shigo mana. Kuma fa in na tafi kasuwar ta farfaɗo? Yaya zan yi?

Ɗiyar Mai Waina

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Inna, ya raya miki marayun nan.

Tsoronki yana kan hanya. In kika tashi, wataƙila rumfar ta tafi, ba zan ɓoye miki ba. Gyara kuma ba abin cire rai ba ne, ku da kuka rage ku haɗu ku kai kuka wajen dattawan gari. Amma direban da ya saba ɗaukar kaya a gona ba ya komawa caɓi don an yashe kwata yau. Kasuwar da kika sani ta tashi, kuma ba ke kika tashe ta ba. Yara ba za su jira Baballe ya gama dubawa ba.

Ki fara zuwa wajen Zuliha ki gwada na 'yan kwanaki, ki ga cinikin da idonki. In ya karɓe ki, ki nemi wata 'yar'uwa da za ta iya zama a rumfar, ki damƙa mata a gaban dattawa. In babu, ki sake ta da hannunki, kada ki jira a ƙwace.

Ranar tashi kuwa, ki tone duwatsun nan ki tafi da su. Inna ba don mutane su ga hayaƙi ta hura wuta ba, don ke ki ci ne. Ki girke su a bakin kanal, ki ɗora tanda, ki ciyar da jikokinta waina da zafinta.

Allah ya buɗa miki, ya sanyaya zuciyarki.

Hajiya Kubra