Butar da Muka Gwada Ta Nakasa Wata Mata

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni.

Aikin wutar lantarki nake yi a ƙarƙashin yayana. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini sana'ar. Wani kamfanin ɗinki ya ba mu gwajin kayan wutarsu, su dutsen guga da butocin shayi. Babban abin da muke aunawa shi ne wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta in ta zubo a jikin ƙarfe don kada ta ja mutum. Yawancin kayan nan wayarsu cirewa ake yi a mayar. Shi Yaya yakan auna abu haɗe da wayar da ya tarar a jikinsa, ya rubuta sakamako ɗaya, ya manna sitika, shi ke nan. Na taɓa cewa mu riƙa gwada kowace waya daban, ya yi dariya ya ce in na ga dama in yi musu takardar haihuwa ma.

Kwanan baya wata mai ɗinki ta taɓa wata babbar buta da muka gwada da jiƙaƙƙen hannu, wuta ta ja ta ta yar. Ta rayu, amma yatsun hannunta na dama sun ƙanƙame, ko almakashi ba ta iya riƙewa. Da na buɗe butar, hitar da ke dafa ruwan ta tsage, wayar ƙasa kuma a tsinke take cikin filogi. Ita ce wayar da muka gwada, ko musanyawa aka yi? Wallahi ban sani ba. Kamfanin ya dakatar da dattijuwar da ke shara, wai ita ke tara wayoyi a kwali ɗaya in za ta goge tebura. Yaya ya ce in ja bakina in yi shiru. Innarmu har da kuka, wai kada in tona asirin ɗan'uwana. Ni kuwa kullum na wuce sai in ga dattijuwar nan zaune a bakin ƙofar kamfanin tana jiran a kira ta. Abinci ma ba ya shiga. Yaya zan yi?

Ƙanin Mai Gwaji

Ɗana, Allah ya ba wannan baiwar Allah lafiya.

Yayanka ba ƙarya ya rubuta ba. A ranar, butar ta ci gwajin, hita kuma tana iya tsagewa daga baya. Sai dai sakamako ɗaya ba ya faɗin wace waya aka gwada, don haka ba ya wanke ku, kuma ba ya kama dattijuwar. Wayoyin da ba su da lamba, ta yaya mai shara za ta bambance su?

Abu na gaggawa: sauran wayoyin suna nan ana aiki da su. Ku koma ku gwada su duka. Kowace waya a manna mata lambarta, a rubuta nata sakamakon daban, na'urar ma nata daban, a kuma nuna wace waya aka haɗa ta da ita.

Ka samu Yaya ku biyu, ba a gaban Inna ba. Cikin ladabi ka ce ku je wurin manajan kamfanin tare. In ya ƙi, ka gaya masa za ka je, sannan ka je. Iya abin da ka sani za ka faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage.

Ba zan ɓoye maka ba, kuna iya rasa aikin nan, Yaya kuma yana iya daɗewa bai kula ka ba. Ka jure, kada ka fasa gaishe shi. Fushin ɗan'uwa yana hucewa, hannun matar nan kuwa mai yiwuwa ya tafi ke nan. Ka je ka duba ta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya daidaita tsakaninku.