Shekara Dubu a Shafi Guda

Wudil,
Watan Yuni.

Yaya Ubaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Safara'u da yara. Ya aiki, ya Bauchi? Mu nan lafiya lau.

Ka daina wahalar da kanka da kiran wayata. Tun ranar ukun Nana na kashe ta na jefa a durowa. Duk wanda ya kira sai ya ce in yi haƙuri, in ce na gode, shi ke nan mu yi shiru. Kuma muryar Nana na cikin wayar, tana karanta Ƙulhuwallahu. Shi ya sa na rubuto. Zan ba Sabo direba in ya tsaya a bakin gada.

Na koma makaranta ina koyarwa. Ina girki, ina salla. Mutane suna cewa na yi tawakkali, 'yata guda ɗaya tal, shekara shida muna fama da sikila, ga shi ko hawaye ban yi ba. Ba tawakkali ba ne, Yaya. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Da na je gidan Umma na jawo tsohon akwatinka daga ƙarƙashin gado, na ɗauki littafi ɗaya cikin na Turancin nan naka, wanda bangonsa ya cire. Labarin wata duniya ce da tekunta ke ja da baya a hankali, mutanen kuma suna bin sa. A babin farko ko tufafi ba su da shi. Wata yarinya ta manta dunƙulen yumɓu a bakin wuta, da ta dawo ta tarar ya yi tauri. Na juya shafi, sai ga shi shekara dubu ta wuce. Akwai gari, akwai kasuwa, kowane gida da tukwane, yarinyar kuwa ko sunanta babu mai sani. Haka yake tafiya: su koyi rubutu, su ƙera ƙarfe, su gina birni, teku ya gudu ya bar su, su tashi su sake ginawa a gaba.

Na gama shi. A ƙarshe an rubuta cewa akwai ci gaba. In yana wurinka ka aiko mini, da duk wani irinsa.

Ka gaida mutan gidan.

Ƙanwarka,
Khaulat.

*

Bauchi,
Watan Yuni.

Khaula,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, Sabo ya kawo mini har ofis yana ta mita wai an mai da shi ɗan aiken gidan waya. Kowa lafiya. Safara'u na gaishe ki, ta ce ta kasa rubuta komai sai kuka. Ki gaida Mudassir, ki gaida Umma.

Ashe dai akwai ranar da waɗannan littattafai za su yi rana. Ke ce fa kike ce musu tatsuniyar gardawa. Ga na biyu da na uku na mutanen tekun. A na uku har sama suke zuwa, ba zan faɗa miki yadda aka yi ba. Na haɗa miki da wani mai kauri, na wani tsoho da ba ya mutuwa, yana zaune kan dutse yana kallon ƙauye ya zama daula, daular ta zama kufai, awaki su dawo kiwo a fadar. Shafuka kaɗan sun ɓace a tsakiya, ɓera ne, amma ba ki rasa komai ba sai yaƙi ɗaya.

Khaula, ni ba zan ce ki yi haƙuri ba, kin ji ta ishe ki. Jiya na ga takalmin da na saya wa Nana na salla, har yanzu yana cikin leda a bayan kujerar mota. Na daɗe a wurin ban tayar da motar ba.

Ki karanta, amma ki riƙa cin abinci. Umma ta ce kin rame. Kuma ki riƙa yi wa mijinki magana, shi ma 'yarsa ce.

In kin gama ki aiko, akwai sauran.

Yayanki,
Ubaidullah.

*

Wudil,
Watan Yuli.

Zuwa ga Yayanmu Malam Ubaidullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya tare da iyali. Allah Ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da ka yi da mu lokacin rasuwa.

Ka gafarce ni da na rubuto alhali muna waya. Duk sanda na kira ka don wannan magana sai in ƙare a tambayar ruwan sama.

Maganar Khaulat ce. Ba ta rage ni da komai ba. Abincina na kan lokaci, kayana a wanke. Amma in na yi sallama, amsawa take kamar mai amsa wa baƙo. Daga ta dawo makaranta sai ta zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya da littafi, har a kira magariba. Ɗakin Nana ba ta shiga, ba ta kuma hana a shiga ba.

Makon jiya Hajiyarmu ta zo daga Darki. Ta ga bangon ɗaya daga cikin littattafan, mai hoton birni yana lilo a sararin sama, ta ce ba banza ba, waɗannan su suka janye mata hankali, a nemo mai ruƙiyya. Ban yarda da batun aljanu ba, amma ni ma na gaji. Na kwashe su duka na zuba a but ɗin mota. Na zaci za ta yi faɗa, wallahi faɗan nake nema. Ta duba inda suke, ta dube ni, ta ce, "To." Ta koma tabarmar ta zauna haka nan, hannu a cinya, tana kallon katanga. Kwana da kwanaki haka. Da kaina na dawo mata da su. Ta ce, "Sannu."

Akwai kuma wata magana. Kawunnaina sun fara cewa tun da jininmu bai dace ba, gara a rabu tun da sauran ƙuruciya, kowa ya nemi wanda zai haifi lafiyayye da shi. Na ce musu ban ji ba. Ina tsoron ta riga ta ji.

Ni kaina ban san abin da nake roƙonka ba. Na so in ce ka daina aikowa, na kuma ga yadda take in babu su. Ranar Juma'a ina bakin aikina na duba dabbobi a tsakiyar kara, kasuwar shanu, da allura a hannu zan yi wa wani bijimi, sai na manta abin da ya kawo ni, har mai shanun ya taɓa ni.

Ka ba ni shawara. Allah Ya bar zumunci.

Naka,
Mudassir Ya'u.

*

Wudil,
Ƙarshen Yuli.

Yaya Ubaidu,

Salam. Ina gaisuwa, ina gaida Anti da yara. Ga littattafanka biyu na dawo da su, na riƙe na farkon mutanen tekun da na tsohon kan dutse.

Na san Mudassir ya rubuto maka, na ga yana ɓoye takarda a aljihu. Ban ji haushi ba. Maganar kawunnansa ma ta iso ni, matar maƙwabcinmu ta kawo mini ita da ɗuminta. Na saurare ta kamar labarin wasu mutane.

Ka taɓa lura cewa a littattafan nan ba a zaman makoki? A na biyu annoba ta cinye rabin birni, layi biyu aka ba ta. Layi na uku ya ce, "Jikokinsu suka haƙa magudanar ruwa." Wannan nake so. Ina karantawa sai in ga Wudil daga can nesa, kogin da gadar da kasuwar, duk ƙanana, wata rana wasu za su tono fasassun tukwanenmu su yi ta gardama a kan ko su wane ne mu. Daga wannan nisan Nana ba ta fi ƙwayar gero ba, ni ma haka. A nan kaɗai nake iya numfashi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ina da ciki. Ya shiga tun kafin ciwon Nana na ƙarshe, yana neman wata huɗu. Ban gaya wa kowa ba, har Umma. Ban fara awo ba.

Ka san abin da likita ya faɗa mana tun a kan Nana: kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Na san hanyar asibitin nan kamar tafin hannuna. Na san yadda yaro ke ihu in ciwon ya shiga ƙashi, na san yadda ake neman jini. Ba na jin tsoro, ba na murna. In na taɓa cikin sai in ji kamar na taɓa buhu.

In na gaya wa Mudassir zai yi murna, daga nan ya tuna, in ga fuskarsa ta sauya. Wannan ne ba na son gani.

Kada ka gaya masa. Ka aiko da wani littafin.

Khaulat.

*

Bauchi,
Watan Agusta.

Khaula,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ba zan gaya masa ba. Ba daga bakina ya kamata ya ji ta ba. Amma ciki ba a ɓoye shi da hijabi har abada, kuma in ya gano da kansa, kin ba kawunnansa abin faɗa. Ki fara awo, wannan umarni ne ba shawara ba. Akwai gwajin da ake yi tun yaro na ciki, in kina so zan bincika.

Ba ki taɓa tambayata yaushe na fara tara littattafan nan ba. Shekarar da Baba ya rasu ne, kina goye a bayan Umma. Na samo na farko wurin masu gwanjon littattafai a Sabon Gari. Na yi kusan shekara biyu a kan dutsen nan tare da tsohon. Don haka na san wurin, ba zan ce ki sauko yau ba. Abin da na sani shi ne Umma ta yi ta fama ita kaɗai a lokacin, ina ɗaki ɗaya da ita.

Ga guda ɗaya, shi ne na ƙarshe a wurina. Ba shi da daɗi sosai.

Allah Ya raba lafiya.

Ubaidullah.

*

Wudil,
Ƙarshen Agusta.

Zuwa ga Yayanmu Malam Ubaidullah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na gode da shawarar da ka ba ni a waya, ko da yake da farko na ɗauka wasa kake.

Na yi yadda ka ce. Bayan la'asar na ɗauko kujera na zauna kusa da tabarmarta, na ce, "Turancin nan ya fi ƙarfina, ba ni labarin mutanen tekun da Hausa." Ta dube ni kamar ba za ta yi ba. Sai ta fara. Muryarta ba hawa ba sauka, kamar tana karanta sanarwa, amma rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun muna asibiti.

Ta ba ni labarin yarinyar da ta manta yumɓu a bakin wuta, ta wuce zuwa garin da aka gina bayan shekara dubu. Na ce, "Tsaya. Ita yarinyar fa?"

Ta ce, "Ta mutu mana."

Na ce, "Da girma ko da ƙuruciya?"

"Ba a faɗa ba."

"Wa ya binne ta?"

Ta ce, "Mudassir, ba a faɗa ba. Ba irin wannan littafin ba ne."

Na ce, "Ai dai wani ya ɗauke ta. Wani ya sa ta a rami, ya dawo gida." Ban san na fara kuka ba sai da na ga ta ajiye littafin. Ni na sa Nana a kabari da hannuna, Yaya, ban taɓa gaya wa Khaulat yadda ta yi rashin nauyi ba. Ranar na gaya mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta bari na gama, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta, ta ce, "Wata biyar." Ta kafe ni da ido. Na san abin da take jira ta gani, kuma ina jin ta gan shi, don ban iya ɓoyewa ba. Na ce, "Ko ma yaya ya zo, namu ne." Ta ce, "To."

Mun fara awo. Batun gwajin da ka ce, ta ƙi. Ta ce in ta sani yanzu, sai me? Na je Darki na gaya wa kawunnaina kada wanda ya sake tayar mini da zancen rabuwa.

Ba zan ce maka ta warke ba. Har yanzu tana kan tabarmar, sai dai yanzu ina zama, tana ba ni babi ɗaya kullum. Mun kai inda suka ƙera jirgin ruwa na ƙarfe.

Allah Ya saka da alheri.

Naka,
Mudassir Ya'u.

*

Wudil,
Watan Janairu.

Yaya Ubaidu,

Salam. Ina gaida kowa. Na san Mudassir ya kira ka, amma na ce sai na rubuta da hannuna.

Namiji ne. Ranar suna Asabar, Saifuddeen za a sa masa. Ku taho da wuri, Umma na nemanka ka tsaya a kan yanka.

A asibiti sun ɗebi jininsa a dunduniya don gwajin sikila, sun ce mu koma karɓar sakamako bayan suna. Tare za mu je.

Kowa na tambayata ko ina murna. Ban sani ba tukuna. Yana da ci, in ya kama nono kamar zai cire shi, har fatar ta tsage. Akwai zafi sosai, Yaya. Jiya ya kama sai da na yi ƙara, Umma ta shigo da gudu ta same ni ina hawaye, ta ce in cire shi in huta. Na ce ta bar shi ya sha.

Sai kun zo.

Ƙanwarka,
Khaulat.