Jigon Bai Faɗi Ba

Yaya Waisale,

Ka taɓa ɗaure sanda mai tsawon bishiyar kwakwa, kana sane abincinka na rataye a jikinta? Ina gaisuwa daga Sydney. Ya ƙafar Inna? Allah ya ba ta sauƙi. Ni ƙalau nake, tafin hannuna ne ya ɗan tsattsage, kada ka gaya mata.

Maigidana Lachlan ya ba ni saitin jigo, sandar da ke riƙe filafilin jirgin tserenmu mai tagwayen ciki. Ya ce, "In ya faɗi, ɗan tsiwa, sai ka koma gida Fiji."

Ranar tsere iska ta haukace. Na kwantar da jigon baya kaɗan, na matse wayoyinsa har suna kuka. Muka zo na uku, yana tsaye ƙyam. Muna isa gaɓa abokan aikina suka sure ni suka wurga ni cikin ruwa! Na fito zan yi dambe, Lachlan na dariya: "Sarkin fushi, haka muke karɓar namu. Baɗi ma kana nan."

Kawu Isikeli ya rantse a zaman shan kava, abin shanmu na gargajiya, cewa za a koro ni kafin Kirsimeti. Ka karanta masa wannan a wurin, ya amsa kowa na ji.

Ƙaninka,
Taniela