Tabon Ƙafar Khaulat

Azare, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga Goggo Dijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Ya ciwon bayan?

Goggo, na kira wayar Baba ya fi sau talatin, a kashe take. Ke kuma kin ce kada in kira taki don kullum yana zaune kusa da ke. Shi ya sa na ba Ikrima direba wannan takarda. Ina so ki ji yadda aka yi daga bakina.

Gudun fanfalakin Legas kilomita arba'in da biyu ne. Na zo ta takwas a mata, bakwai ɗin da ke gabana duk 'yan Kenya ne da Habasha. Awa biyu da minti arba'in da huɗu na yi, na rage minti shida a kan na bara. Ban ko gama haki ba wata 'yar jarida ta tare ni, ita da mai ɗaukar hoto. Ba ta tambaye ni komai a kan gudun ba. Hijabina ta tambaya, sannan ta ce, "A gida ba wanda ya hana ki?" Na ce babu. Ta sake tambaya, har sau uku. Sai na ce da farko Baba ya yi wata guda yana jinkiri saboda maganar mutane, amma daga baya shi ya ɗinka min dogon wandon da nake gudu da shi, kuma shekara huɗu yana bina a babur a hanyar Jama'are, da jarkar ruwa a baya.

Na zauna ina murza ƙwaurina, sai ta ga tabon nan. Na ce mata da Turancina, babur ɗin babana ne ya ƙone ni. Kin san salansar babur ɗin ce ta taɓa ni, ranar da muka faɗi a yashi. Ta gyaɗa kai ta rubuta.

Da labarin ya fito, kansa cewa ya yi wai yarinyar da ta tsere wa mahaifinta ta kai Legas a guje. A ciki aka ce Baba ne ya ƙone min ƙafa don in daina. Suka sa hoton wata bukka da ban taɓa gani ba. 'Yar Kenyar da ta ci, sun rubuta lokacinta har da daƙiƙu, da sunan mai horar da ita. Ni ko lokacina ba su sa ba.

Kafin in iso Azare wani ya mai da shi Hausa ya watsa a waya. Na tarar da shagon ɗinkin Baba a rufe, ɗakinsa ma haka. Yaya Abdulhakeem ne ya ce min ya tafi Katagum, bai ƙara min ko kalma ba.

Don Allah ki karanta wa Baba wannan.

Taki,
Khaulat

Katagum, 24 ga Fabrairu

Khaulatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, bayan da sauƙi.

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ai na san ba ta faɗa ba." To ki cire wannan daga ranki. Ba ke ya guje wa ba.

Ga abin da ba ki sani ba. Washegarin da abin ya yaɗu, mata uku suka aiko aka karɓe yadin kayan makarantar 'ya'yansu daga shagonsa, ɗaya ma an riga an yanka. Bayan la'asar wani da suka shekara ashirin suna sahu ɗaya ya ce masa a ƙofar masallaci, "Malam Sha'aban, ashe haka kake?" Wani kuma ya riƙe masa hannu ya ce ya yi daidai, da ma ƙafa biyun ya haɗa. Babanki ya ce min na biyun ya fi yi masa ciwo.

Yanzu daga sallah sai gindin tsamiyar ƙofar gida. Tuwo loma uku ya ture. Tun yana yaro haka yake, in abu ya dame shi sai ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Ke kuma bari in faɗa miki. Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci, na sha gaya miki in magana mai nauyi ce ki yi ta da Hausa, su nemo mai fassara. Amma ba na ɗora miki duka. Matar nan da labarinta ta fito daga gida, fuskar da za ta manna a kai kawai take nema. Na haɗo miki da takardar gyara da na rubuta da Turanci. Ki sa hannu ki tura musu. Kuma ki ci abinci.

Goggonki,
Dijatu

Azare, 8 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki, ina gaida Baba.

Na tura takardar. Bayan kwana tara suka ƙara layi ɗaya a can ƙasan labarin, wai iyalin yarinyar sun musanta. Iyalin, Goggo, ba ni ba. Kan labarin yana nan yadda yake. A nan kuma wani shirin rediyo suka yi awa guda a kaina, wai na je Kudu na sayar da mutuncin Arewa don a ɗauke ni hoto. Gidan rediyon bai kai tafiyar minti goma daga gidanmu ba, amma ba wanda ya zo ya tambaye ni.

Ina fita bayan asuba ni kaɗai. Ruwa nake ɓoyewa a gindin bishiya tun da yamma. Da na saba jin ƙarar babur a bayana, yanzu ƙarar takalmina kawai nake ji. Rannan na waiwaya a kan wata gada in ce a ba ni ruwa. In na dawo, Yaya Abdulhakeem ya fita, matarsa ta ja labule. Sai in kwana biyu ban yi magana da kowa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wata ƙungiya daga waje ta ga labarin. Suna so su kai ni sansanin horo a Kenya wata shida, daga nan in shiga babban gudu a Turai. Sharaɗin shi ne za su yi fim a kan rayuwata. Na gaya wa wakilinsu a waya cewa labarin nan ba gaskiya ba ne. Ya ce, "Mun fahimta, kina jin tsoro. Ba za mu nuna fuskar babanki ba."

Goggo, shekarata ashirin da huɗu. Minti goman da ke tsakanina da 'yan gaba, a hanyar Jama'are ba zan taɓa cike su ba. Sun ba ni zuwa ran ashirin. Ban san abin da zan yi ba.

Taki,
Khaulat

Katagum, 12 ga Maris

Khaulatu,

Salamu alaikum. Na yi niyyar ɓoye wa babanki, amma ya ga takardar a hannuna.

Ga abin da ya ce, ba ƙari ba ragi: "Ki ce mata ta tafi. Sunana ya riga ya ɓaci, fim ba zai ƙara masa komai ba. Ta faɗa musu abin da suke so, ta je ta yi gudunta. Na yafe tun yanzu." Yana faɗa yana kallon bango. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai magariba.

Na isar da saƙo. Nawa ra'ayin ba zan ba ki ba, don ba ni na yi shekara huɗu ina tashi da asuba ba. Abin da kika zaɓa, ke 'yata ce.

Goggonki,
Dijatu

Azare, 21 ga Maris

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan kana lafiya.

Na ji saƙonka. Ka yi haƙuri, wannan karon ban bi umarninka ba. Kwana biyu na yi da takardarsu a gabana, har na cike sunana. Sai na tuna zan zauna gaban kyamara in buɗe baki in faɗa da kaina. Labarin farko dai wata ce ta rubuta, ba ni ba.

Na ce musu su zo Azare su ɗauke mu tare, ni da kai, a shago da kan hanya, in ba haka ba na haƙura. Wakilinsu ya ce wannan ba shi ne labarin da aka amince masa ba. Jiya suka rubuto cewa sun ɗauki wata.

Ba zan ce maka ban yi kuka ba. Amma yau na fita na yi kilomita talatin. Na share shagon, na sa wa keken mai. Ba don ka dawo na faɗa ba.

'Yarka,
Khaulat

Katagum, 23 ga Maris

Khaulat,

Wa alaikumus salam. Ni na rubuta da hannuna, ki yi haƙuri da rubutun.

Kin yi wauta. Allah Ya yi miki albarka.

Kasuwa ba zan iya shiga ba tukuna, ban san yaushe ba. Ki biyo motar Ikrima ran Juma'a. Goggonki ta gaji da ganin fuskata, ni kuma rabona da ganin taki tun kafin Legas.

Har yau ban ce miki sannu da gudu ba. Ba zan faɗa a takarda ba.

Babanki