Tekun da Ya Ci Mutanen Fir'auna

Daren Ashura, unguwar Mahjar, a bakin teku.

Na sha ruwa, amma na ture kwanon tuwo gefe. Maƙwabciyata Ummu Salim, wadda ta tashi cikin Yahudawa a birnin Adan, ta ce a idinsu na tsirar Annabi Musa sukan rage waƙoƙin yabo. Wai malamansu sun ce ba a cika murna alhali bayin Allah na nutsewa, ko da mutanen Fir'auna ne.

Na yi kuka. Tekun nan da ya ci su, shi ne ya ci maigidana, ba gawa, ba kabari.

Ɗazu ɗana Isa ya shigo yana dariya: "Halas, an gama, Inna, kafili mai riƙe da takarduna ya yarda! Gobe zan fara aiki a jirgin ruwan da ke zuwa Bur Sudan."

Takalman ubansa ne a ƙafarsa. Na kasa cewa ya cire.