Katakon Ƙofar Kicin Ɗinmu

Malama Opal, ki taimake ni kafin in yi abin da zai raba ni da ƙanena har abada.

Garinmu na cikin duwatsun Tennessee, nesa da teku, shi ya sa muke yaudarar kanmu wai mahaukaciyar guguwa ba ta san hanyarmu ba. Ta sani sarai. Bara ta kwana biyu tana juye mana ruwa, rafin bayan gidanmu ya shiga har ɗakin mahaifiyarmu. A ƙarƙashin gada aka tsinci gawarta.

Tun zamanin kakanmu, jikin katakon ƙofar kicin ake auna tsayin yara a zana da wuƙa. Ambaliya ma nan ake zana iyakarta, da shekarar. Zanen ambaliya huɗu ne. Na bara ni na yi, sai da na taka kujera.

Yanzu ƙanena Harlan ya ɓamɓare katakon, ya shafe gidan da fenti, ya sami mai saye: wata Renata mai 'ya'ya biyu, wadda guguwa ta koro daga bakin teku. Bai gaya mata zancen ambaliyar ba. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, karatu ne ya yi miki yawa. Irin wannan ruwan sai shekara ɗari." Shekara ashirin ina aikin laburare, na baje masa tsofaffin jaridu, ya ce in je in yi wa littattafaina wa'azi. Na san cewa shi da matarsa a tirela, ɗan gidan da mota ke ja, suke kwana tun bara. Amma katakon na cikin motata, daga juji na tsamo shi. Ranar Juma'a za su sa hannu a takardar cinikin gidan.

Mai Katako

Mai Katako, Allah ya ba ku haƙurin rashin mahaifiya.

Harlan ba mugu ba ne, mutum ne da ya rasa uwa da matsuguni rana ɗaya. Amma wahalarsa ba ta ba shi izinin kwantar da yara biyu a ɗakin da rafi ya shiga ba.

Ki fara da shi, yau, ba jarida ba gori. Ki ce kin ba shi zuwa Laraba ya gaya wa Renata zancen ambaliyar da bakinsa. Ku ga lauya kan abin da doka ta wajabta wa mai sayarwa, ku kuma tambayi hukuma ko tana sayen gidajen bakin rafi ta rushe. In kina da ɗaki, ki ba shi da matarsa.

In ya ƙi, ki kai mata katakon. Wataƙila ya daina gaishe ki, ba zan ɓoye miki ba. Ba sai kin yi dogon bayani ba: ki jingina shi da bango, ta tsayar da 'ya'yanta a jikinsa.

Ina muku fatan alheri, ku biyun.